Wa Ya Raɗa wa Dutsen Suna?

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, an gayyace ni bikin ba da kyaututtuka a makarantar da ɗan ƙanwata yake karatu a cikin birnin Kano. Cikin shirye-shiryen ranar har da gasar kacici-kacici tsakanin 'yan aji uku na ƙaramar sakandare. Da malamin ya tambayi tsaunin da ya fi kowanne tsayi a duniya, kafin ya rufe baki hannuwa sun tashi sama, kowa yana cewa Everest. Wani yaro har ya ƙara da cewa tsayinsa mita 8,848 ne, aka yi masa tafi mai yawa.

Sai wani dattijo daga cikin iyayen yara ya nemi izinin jefa tasa tambayar, ya ce, "To, a nan Nijeriya fa, wane ne ya fi tsayi?" Wuri ya yi tsit. Can wata yarinya ta ce Zuma, domin ta gan shi a jikin takardar naira ɗari. Dattijon ya yi murmushi, ya nuna Dutsen Dala da ake hange ta saman katangar makarantar, ya ce, "Wancan da ke bayanku kuma, me ya sa ake ce masa Dala?" Babu wanda ya amsa, kuma malamin ma dariya ya yi ya wuce zuwa tambaya ta gaba.

Abin ya tsaya mini a rai har yau, ba don yaran sun kasa ba, domin yaro ba ya sanin abin da ba a koya masa ba. Ra'ayina shi ne, yadda muke koyar da sunayen duwatsu da tsaunuka a makarantunmu hadda ce kawai wadda ba ta da amfani. Ya kamata a koyar da kowane suna tare da labarin wanda ya raɗa shi da dalilinsa, a ajiye sunan da mutanen wurin suke kira a gefensa, sannan a fara da dutsen da yaro yake gani da idonsa kafin a kai shi Himalaya, jerin tsaunukan da Everest yake ciki. Ba na goyon bayan a bi taswira ana goge tsofaffin sunaye da umarnin gwamnati, kuma zan faɗi dalilina a gaba.

Sunan da mai shi ma bai so ba

Mu ɗauki Everest ɗin da yaran suka haddace. Ma'aikatan safiyo na Turawan Ingila a Indiya sun fara rubuta shi ne da lamba, suna ce masa Ƙololuwa ta 15. Wani masanin lissafi ɗan Bengal mai suna Radhanath Sikdar ne ake dangantawa da lissafin da ya nuna, a 1852, cewa babu tsaunin da aka auna da ya kai shi. Amma da aka zo raɗa suna, shugaban ma'aikatar na lokacin, Andrew Waugh, ya ba da sunan ubangidansa da ya gada, George Everest, wanda ya riga ya yi ritaya tun 1843, kuma babu shaidar cewa ya taɓa ganin tsaunin da idonsa.

Abin mamaki shi ne, George Everest da kansa ya nuna rashin amincewa, yana cewa mutanen ƙasar ba za su iya rubuta sunan ko furta shi ba. Duk da haka ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta tabbatar da sunan a 1865. Alhali mutanen Tibet suna da sunansu, Chomolungma, tun kafin a zo da na'urar awo, kuma daga baya gwamnatin Nepal ta ɗauki sunan Sagarmatha.

Na biyu a tsayi a duniya kuwa, har yau lambar ma'aikacin safiyo yake ɗauke da ita. A 1856 Thomas Montgomerie ya hango manyan ƙololuwa biyu a jerin tsaunukan Karakoram, ya rubuta K1 da K2 a littafinsa. Da aka bincika aka tarar mutanen yankin suna kiran K1 da Masherbrum, sai aka mayar masa da sunansa. K2 kuma yana can lungun da ba a hango shi daga ƙauyuka, don haka lambar ta zauna masa.

Yaron da aka ba wannan labari ya koyi abu uku a zama ɗaya: yadda ake auna tsauni daga nesa, wanda yake mulkin Indiya a wancan zamani, da kuma yadda wani yake yin aiki a ba wani suna. Yaron da ya haddace kalma ɗaya da lamba ɗaya ya samu tafi ne kawai.

"Ai suna lakabi ne kawai"

Wannan ita ce hujjar farko da aka kawo mini da na tayar da maganar a majalisarmu. Wani abokina malamin lissafi ya ce ko Everest aka ce ko Chomolungma, tsaunin ba zai ƙaru da taku ɗaya ba. Gaskiya ne, amma mu Hausawa da muke cewa suna linzami ne, kuma muke yanka rago a ranar bakwai saboda suna, bai kamata wannan magana ta fito daga bakinmu ba.

Da yawa daga cikin sunayen tsaunuka darasin labarin ƙasa ne a dunƙule. Himalaya a harshen Sanskirit na nufin mazaunin dusar ƙanƙara. Karakoram a harsunan Turkawa na nufin baƙar tsakuwa. Sierra Nevada, wanda akwai shi a Sifaniya akwai shi a Amurka, na nufin jerin tsaunuka masu dusar ƙanƙara. A Afirka ta Kudu, jerin da Turawan Holan suka kira Drakensberg, wato tsaunukan dodo, Zulu suna kiransa uKhahlamba, wato shingen māsu, saboda yadda ƙololuwarsa suke tsaye a jere kamar an kafa su.

Daga irin wannan suna malami zai iya shiga bayanin da ya fi hadda amfani. Me ya sa ƙanƙara take zama a kan Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, alhali yana kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, inda rana take da ƙarfi? Saboda duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Wannan dalili ne dai ya sa ɗan Kano yake neman rigar sanyi idan ya kwana a Jos, ya sa dankalin Turawa yake yi a can, ya kuma sa ake noman ganyen shayi a tudun Mambila.

Wani sunan kuma tarihi ne mai ɗaci. Ibn Baɗuɗa, da ya ratsa tsaunukan Hindu Kush na Afganistan a ƙarni na 14, ya bayyana cewa sunan na nufin makashin Hindu, saboda yawan bayin da ake kawowa daga Indiya da suke mutuwa a can don tsananin sanyi. Jibralta kuma, dutsen da ke bakin mashigin da ya raba Maroko da Sifaniya, asalinsa Jabal Ɗariƙ ne, sunan Ɗariƙ bin Ziyad da ya haye da rundunarsa zuwa Andalus a 711. Har ƙasashe sun samu suna daga tsaunuka: Kenya daga tsaunin da Kikuyu suke kira Kirinyaga, Saliyo kuma daga kalmomin Fotugis masu nufin tsaunukan zaki. Wanda ya ce duk wannan lakabi ne kawai, bai tsaya ya saurari abin da sunan yake faɗa ba.

"Masu taswira sun fi mu sani"

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi. Masu ita suna cewa waɗanda suka auna tsaunukan nan suka zana su a takarda su ne suka yi wahala, don haka sunan da suka rubuta shi ne na ilimi, namu kuwa na gargajiya ne. Ba na raina aikin safiyo, domin mutanen da suka ɗauki na'urori masu nauyi suka ratsa daji da fadama shekara da shekaru sun yi aikin da ya cancanci yabo.

Sai dai akwai wani labari daga nan Afirka ta Yamma da ya kamata kowane ɗalibi ya ji. A 1798 wani mashahurin mai zana taswira na Ingila, James Rennell, ya zana wani dogon jerin tsaunuka da ya ratsa yankinmu daga yamma zuwa gabas, aka kira shi Tsaunukan Kong. Masu taswira suka yi ta kwafar juna, jerin yana ƙara tsawo a takarda, har kusan shekara 90. Sai da wani hafsan Faransa, Louis-Gustave Binger, ya bi yankin tsakanin 1887 da 1889, ya isa garin Kong da ke arewacin Kwaddibuwa ta yau, ya tarar babu wasu tsaunuka a wurin.

Fataken Hausa da suke zuwa Gwanja sayen goro sun san babu wata katangar tsaunuka a hanyarsu, domin da jakunansu suke bi suna dawowa kowace shekara. Ba a tambaye su ba ne kawai. Ilimin mai taswira da ilimin mai bin hanya duka ilimi ne, kuma a wannan karon na mai jaki ne ya yi daidai.

Haka abin yake a gida. Tsofaffin littattafan makaranta sun daɗe suna koyar da Vogel Peak, ƙololuwar tsaunukan Shebshi da ke jihar Adamawa, mai tsayin mita 2,042. Eduard Vogel Bajamushe ne da ya zo Borno a 1854, aka kashe shi a Wadai, cikin Chadi ta yau, a 1856. Sunan dutsen a wurin mutanensa Dimlang ne. Amsar tambayar dattijon nan kuwa ita ce Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419, a jihar Taraba kan iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti. Ina da tabbacin cewa a cikin iyayen da suka zauna a ƙarƙashin rumfar nan, ni ma har da ni kafin 'yan shekarun nan, waɗanda suka san wannan ba su cika hannu ɗaya ba.

To, a goge sunayen Turawa ke nan?

A nan ne nake rabuwa da wasu da suke goyon bayana a sauran maganar. Suna ganin tun da an gano yadda aka yi, sai gwamnati ta zauna ta sauya komai. Akwai inda hakan ya yi kyau. Hans Meyer, Bajamushen da ya kai ƙololuwar Kilimanjaro a 1889, ya sa mata sunan sarkinsa Kaisa Wilhelm, bayan 'yancin kai kuma aka mayar da ita Uhuru, wato 'yanci da Sawahili, kuma babu wanda yake kewar tsohon sunan.

Amma idan aka bar sunan dutse a hannun mai mulki, yakan zama kamar hoton shugaba a ofis, wanda ake saukewa duk lokacin da aka yi sauyi. Tsaunin da ya fi tsayi a Tajikistan, mai mita 7,495, an kira shi da sunan Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, a shekarun 1930, aka mayar da shi Ƙololuwar Kwaminisanci a 1962, sannan a 1998 aka sa masa sunan Isma'ila Samani, wani sarkin yankin na zamanin dā. Mutum ɗaya zai iya haddace amsa uku ga tambaya ɗaya a rayuwarsa.

A Amurka ma haka. Tsaunin da ya fi tsayi a Arewacin nahiyar, mai mita 6,190 a Alaska, mutanen asalin wurin suna kiransa Denali. A 1896 wani mai neman zinariya ya sa masa sunan William McKinley, ɗan takarar shugaban ƙasa wanda bai taɓa taka Alaska ba. Gwamnatin Obama ta mayar da Denali a 2015, sannan a watan Janairun 2025 Trump ya ba da umarnin a koma McKinley. Wannan ba gyaran tarihi ba ne, kokawar siyasa ce da aka hau da ita kan dutse.

Hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce ta haɗa sunayen biyu. Ostireliya ta yi haka da mashahurin jan dutsenta, wanda a hukumance ake rubuta shi Uluru tare da Ayers Rock tun 1993, haka ma Niyuzilan ta yi da Aoraki da Mount Cook a 1998. Idan yaro ya ga Dimlang da Vogel a layi ɗaya, dole ya tambayi dalili, kuma tambayar nan ita ce darasin. Idan aka goge ɗaya, an goge shaidar abin da ya faru.

Mu ma mun raɗa wa wasu

Akwai wani dalilin da ya sa nake taka-tsantsan, kuma ba kowa yake son jinsa ba. Ba Turawa kaɗai ne suka raɗa wa duwatsun wasu suna ba. Tudun Adamawa, inda kogin Binuwai yake tasowa a Kamaru, yana ɗauke ne da sunan Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, kuma kafin nan Fombina ake ce wa yankin, wato kudu da Fulatanci. Ga al'ummomin da suka haye kan duwatsu don tsira daga mahayan dawakai na wancan zamani, wannan ma sunan mai ƙarfi ne.

Tsaunukan Alantika da ke kan iyakar Nijeriya da Kamaru, mazaunin mutanen Koma, bayanin da ya fi yaɗuwa game da sunansu shi ne cewa yana nufin inda Allah bai isa ba tukuna, wato inda addini bai kai ba. A fili yake cewa ba mazauna dutsen ne suka kira gidansu haka ba, mutanen kwari ne suka hango su daga ƙasa suka yanke musu hukunci. Haka kuma tsaunukan arewacin Nijar da Buzaye suke kira Ayar, mu Azbin muka sani, har muna da Azbinawa da dokin da ake kira ɗan Azbin, kuma Gobirawa suna da tarihin cewa daga can suka gangaro. Idan aka ce a koma sunan asali, na wa za a ɗauka, kuma wa zai yanke? Rubuta duka da bayanin kowanne ya fi adalci, kuma ya fi arha.

Dole kuma malami ya riƙe gaskiya a inda masana suka saɓa. Asalin sunan Kilimanjaro da na Andes da na Alps duka akwai saɓani a kansu. Gaya wa yaro cewa akwai bayani biyu ko uku ya fi a ƙirƙira masa tatsuniya mai daɗi.

Jarrabawa da kuɗi

Malamai za su ce jarrabawa ba ta tambayar waɗannan labarai, kuma lokaci bai isa ba. Wasu kuma za su ce makarantar da yara suke zaune a ƙasa ba ta da lokacin asalin sunan dutse. Na yarda kujera ta fi gaggawa, amma abin da nake nema ba ya cin ko kwabo, kuma ba ya hana yaro rubuta Everest a takardar jarrabawa. Hasali ma sunan da yake da labari ya fi zama a kai.

Dalan da dattijon ya nuna ya ishi malami darasin mako guda. Tarihin Kano ya nuna sunan wani mutum ne da ya zauna a kan dutsen, wanda Barbushe mai kula da gunkin Tsumburbura ya fito daga zuriyarsa. An samu alamun narkar da tama a gindinsa da suka kai ƙarni na 7, wato ƙarfen da ke cikin jan dutsen yana cikin abin da ya tara mutane har gari ya kafu. Daga nan sai malami ya nuna cewa kalmar dutse da muke amfani da ita ta haɗa abubuwa mabambanta. Dala da Goron Dutse ragowar tudu ne mai hular jan marmara da zaizaya ta ci kewayensa ta bari. Zuma da Kufena da Kwatarkwashi curin dutse ne mai tauri da ya sandare a ƙarƙashin ƙasa, ruwa da iska suka yaye abin da ya rufe shi. Tsaunin Kamaru, mai tsayin sama da mita 4,000, na aman wuta ne kuma har yanzu yana da rai. Himalaya kuwa naɗewar ƙasa ce, sakamakon karon da ɓangaren ɓawon duniya mai ɗauke da Indiya ya yi da na Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, kuma har yau yana ƙara tashi.

Daga nan hanya ta buɗe zuwa ruwan da muke sha. Kogin Kaduna da na Gongola daga tudun Jos suke gangarowa, kogin Kwara kuma daga tsaunukan Gini. Yaron da ya gane cewa tudu ne yake tare iska mai laima ya sauke ruwa, zai gane dalilin da sare itatuwa a kan tudu yake shafar mai noman rani da ke nesa da wurin.

Bayan bikin nan da 'yan kwanaki na ɗauki ɗan ƙanwar tawa muka hau Dala da yamma. Ya yi ta haki a kan matakala, jar ƙura ta ɓata masa farin wando, amma da muka kai sama ya ga rufin kwano ya shimfiɗu har iyakar ganinsa, ga Goron Dutse can yamma, sai ya yi shiru na ɗan lokaci. Daga baya ya ce, "Kawu, dutsen da ke bayan gidan Kaka a ƙauye fa, yana da suna?" Na ce masa idan ya je hutu ya tambaye ta da kansa.

Ya dawo da suna biyu. Na farko Dutsen Kura, domin kakar ta ce a lokacin ƙuruciyarta ba a barin awaki su kwana a waje saboda kurayen da ke cikin kogonsa. Na biyu wata kalma ce da ba Hausa ba, wadda ta ce haka ta ji tsofaffi suna faɗa, kuma mutum ɗaya ne ya rage a garin da ake jin ya san ma'anarta, shi ma ya tsufa ƙwarai. Ya kuma gaya mini cewa wani kamfanin fasa dutse ya ci kusan rabin gefen gabas, kuma a jikin allon da suka kafa a bakin hanya babu ko ɗaya daga cikin sunayen biyu, sai lambar fili kawai.